Ɗori a Kan Lallen Sallah

Har yau ba na iya tsayawa kusa da inda ake narka man shanu. Mutanen gidana sun sani, sun ɗauka tsirfa ce irin tawa, ni kuma ban taɓa zaunar da su na yi musu bayani ba. Da zarar ƙamshin ya daki hancina sai in ji gwiwar hannuna na dama ta amsa, in ga kaina zaune a kan buzu a wani zaure a Tarauni, wani tsoho yana murza mini hannu da man shanu mai ɗumi, kakata kuma ta danne mini cinyoyi don kada in zabura. Shekarata tara a lokacin. Bari in ba ka labarin tun daga tushe, mai karatu, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

A Gyaɗi-Gyaɗi na tashi, a wani lungu da ba shi da nisa da titin gidan zu. Gidan na kakata ne, mahaifiyar babana, wadda kowa a unguwar ke ce wa Hajiya. Ita ce mai gida, ita ce alƙali, ita ce likita. In yaro ya yi zazzaɓi a lungunmu ita ake fara tambaya, in mace ta haihu ita ke tsayawa a kan wankan jego. Babana direban babbar mota ne, yana kai albasa Kudu, sai ya yi mako biyu ko uku ba mu sa shi a ido ba, kuma a wancan zamanin babu waya a gidanmu balle a ce a kira shi. Akwai ɗakuna biyu kusa da zaure da Hajiya ta zuba 'yan haya. A ɗaya daga ciki akwai wata budurwa 'yar ƙasar Jigawa, ma'aikaciyar jinya a babban asibitin koyarwa da ke kusa da mu. Anti Nas muke ce mata. Hajiya na son ta don tana da gaisuwa, amma ba ta taɓa ɗaukar ta a bakin komai ba. A wurinta yarinya ce mai farin kaya.

Ni ce 'yar fari, kuma in ka tashi a irin gidajenmu ka san abin da hakan ke nufi. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana. Ba ta ɗaukata a gaban mutane, ba ta yabona, ba ta shiga maganata. Tun da aka yaye ni aka mai da ni ɗakin Hajiya, a can nake ci, a can nake kwana. Yaya nake ce mata, kamar yadda na ji ƙannenta na faɗa. In na faɗi a tsakar gida sai ta kau da kai ta ci gaba da tankaɗenta, Hajiya ce za ta taso da faɗa da rarrashi. Kunya ce, kowa ya sani, har yabon ta ake yi a kai. Amma yaro bai san kunya irin wannan ba, abin da ya gani shi ya sani. Ba zan ɓoye maka ba, na daɗe ina zaton ba ta ƙaunata.

Ƙaramar Sallar shekarar ta faɗo a farkon damina, ta kuma riski babana a hanya. Ana jibi Sallah Hajiya ta ƙunsa mini lalle hannu biyu har wuyan hannu, ta naɗe da leda da tsumma. Da aka wanke ta bi shi da gishirin lalle da toka don ya yi baƙi. Ya kuwa kama, tafin hannuna da yatsuna har farata suka yi baƙi wuluk mai ɗan ja a gefe. Ranar Sallah ban bar gidan da ban shiga na nuna ba.

Washegari ruwa ya sauka da asuba, gari ya yi sanyi, lungu ya cika da taɓo da ƙamshin ƙasa. Da hantsi na saci jiki na fita da sabon kayana wajen lilon da yaran maƙwabta suka ɗaura a reshen darbejiya. Igiyar ta sha ruwa, ta kuma tsufa. Ina can sama, ina jin iska a kunnena, sai kawai na ji ba komai a ƙarƙashina. Abin da ya zo mini a rai a wannan ɗan lokacin, in gaya maka gaskiya, kada kayan Sallata su taɓa taɓo. Sai na miƙa hannun dama in tokare ƙasa. Na ji wani sauti a cikin jikina kamar an karya karan dawa busasshe. Da na ɗago, hannun ya lanƙwashe a saman gwiwa kaɗan, wurin da Allah bai yi gaɓa ba, kuma tun ina kallo ya fara kumbura.

Aka shigo da ni gida ina ihu. Hajiya ta duba sau ɗaya ta ce karaya ce, a miƙo mata mayafi. Mahaifiyata tana tsaye a bakin ɗakin girki da ludayi a hannu. Na dube ta, ta dubi ƙasa.

Asibiti yana nan kusa da mu, mai ƙafa ma yana zuwa, amma ko sunansa ba a ambata ba. Akwai dalili. Hajiya tana da ƙane da ya karye a hannu tun suna ƙauye, aka daɗe ana fama, daga baya aka kai shi wani asibiti, ya dawo hannun rigarsa yana reto babu komai a ciki. Tun daga ranar ta yanke hukunci cewa likita in ya ga karaya wuƙa yake nema. Don haka tasi muka shiga zuwa Tarauni, gidan wani maɗori da ya gaji ɗori kaka da kakanni.

Ba zan zalunce shi ba, tsoho ne mai sanyin murya, kuma mutane da yawa a unguwarmu suna tafiya da ƙafafun da ya ɗora. Zaurensa cike yake da 'yan acaɓa da leburori, kowa da abin da ya ɗaure. Da ya ga yarinya ce sai ya ce a shigo da ni gaba. Ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya ce in kalli bango. Sannan ya ja. Ban san lokacin da na ciji mayafin Hajiya ba. Ya ɗauko fasassun kara da aka saƙa kamar ƙaramin asabari, ya naɗe hannun tun daga ƙasan kafaɗa har wuyan hannu, ya bi da tsumma yana ja yana ɗaurewa, yana ja yana ɗaurewa, har sai da yatsuna kaɗai suka rage a waje. Da za mu tafi ya ja wa Hajiya kunne.

"Kada a kwance sai bayan kwana bakwai. Ko ta yi kuka a ƙyale ta, ƙashi ne ke kamawa."

Mun dawo gida kafin azahar. Aka shimfiɗa mini tabarma a rumfar Hajiya, aka ba ni ƙwayar maganin zafi da rubutu. Da farko na ɗan samu sauƙi, har na ci cincin. Bayan azahar wani ciwo dabam ya taso, ba irin na safe ba. Na safe a wuri ɗaya yake, ina iya nuna shi da yatsa. Wannan kuwa ya cika hannun gaba ɗaya daga gwiwa zuwa ƙasa, yana bugawa, yana ƙaruwa, kamar ana hura wani abu a ciki alhali babu wurin da zai faɗaɗa. Yatsuna suka fara tsikari kamar tururuwa na bi, daga nan suka yi nauyi. Na ce wa Hajiya ya matse ni. Ta ce haka ɗori yake, in daure. Na daure iya daurewata, sannan na koma kuka, wani irin kuka da ni kaina ban san ina da shi ba.

Yinin Sallah ne, mata na ta shigowa yawon barka, barkar ta koma jaje. Kowace ta zauna sai ta ba da labarin ɗanta ko ɗan 'yar'uwarta da ya karye aka ɗora ya warke sarai. Wata maƙwabciyarmu ta sunkuya ta dubi yatsuna, ta ce kamar sun kumbura, kuma baƙin nan bai yi yawa ba? Hajiya ta ce lalle ne, ita da kanta ta sa gishiri. Aka ɗago hannuna na hagu aka gwada, shi ma baƙi ne. Sai kowa ya huta, har wata ta ce ai jinin yarinyar ne mai kyau, shi ya sa lalle ke kama ta haka. Duk wannan abin mahaifiyata tana can gefe, ta juya mana baya, tana tsintar shinkafa a faifai. Na lura shinkafar nan ba ta ƙare ba tun azahar.

Ana kiran la'asar Anti Nas ta dawo daga aiki, don ita ba ta samu hutun Sallah ba. Daga zaure ta ji kukana. Ko ɗakinta ba ta buɗe ba ta shigo da farin takalminta duk taɓo, ta gaida Hajiya, ta durƙusa a gabana.

"Hajiya, tun yaushe aka ɗaure hannun nan?"

"Tun da hantsi."

Na ga tana lissafi da yatsunta, fuskarta ta canja. Ta kama babban yatsana ta danna farcen ta saki, ta sake dannawa, ta kai ido kusa. Daga baya ne ta bayyana mini abin da take nema. In ka danna farcen mai lafiya sai ya yi fari, kana saki ya koma ja, da haka ake gane jini na isa. Nawa lalle ya rufe, ba fari ba ja, baƙi kawai. Ta nemi wurin da ake jin bugun jini a wuyan hannu, kara ya rufe shi. Sai ta ɗora bayan hannunta a kan hannuna na hagu, ta mayar kan na dama, ta sake komawa. Na hagu da ɗumi, na dama sanyi ƙalau kamar jikin randa. Ta ce in rufe ido in faɗi yatsan da ta taɓa. Na faɗi ƙaramin, na faɗi na kusa da shi. Sai na ji shiru, na buɗe ido in ga me ya tsayar da ita, ashe tana matse da manuniyata da babban yatsana ban sani ba. Ta ce in motsa su, suka ƙi. Daga nan ta ce in yi haƙuri, ta kama yatsun ta miƙar da su a hankali. Ƙarar da na yi sai da kajin gidan suka watse.

Ta miƙe tsaye ta fuskanci Hajiya.

"Hajiya, don girman Allah a kwance ɗorin nan yanzu. Hannun ya kumbura a ciki, karan ya hana shi wuri, jini ba ya wucewa. In aka bar shi zuwa dare naman zai mutu."

Hajiya ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Ke yarinya, wanda ya ɗora shi tun ba a haifi ubanki ba yake ɗori. Kwana bakwai ya ce. Ku dai da kun ga hannu sai wuƙa."

"Waɗanda ake yanke wa a makare ake kawo mana su, Hajiya, ya riga ya ruɓe a cikin ɗori. Nata bai mutu ba tukuna. Da sauran lokaci, amma kaɗan ne."

"Ubanta ba ya nan, amanarta a wuyana take. Ba mai taɓa shi."

Ka fahimci inda muka tsaya. Anti Nas 'yar haya ce, ba dangin iya ba na baba, ba ta da ikon sa hannu a jikina mai gida ta ce a'a. Matan da ke zaune babu mai iya musa wa Hajiya, wasu ma kai suke gyaɗa mata. Hajiya kuma ba mugunta take yi ba, ita a ganinta tsakanina da wuƙa take tsaye. Ni kuwa ina kwance a tsakiyarsu, na ji kalmar yankewa ta fito daga baki biyu, na dubi baƙaƙen yatsuna da suka kumbura har zoben Sallata ya nutse a ciki, tsoro ya rufe ni har ciwon ya koma baya. Na fara tunanin da wane hannu zan riƙa cin abinci.

Sai Anti Nas ta yi abin da ba wanda ya taɓa yi a gidan. Ta juya wajen mahaifiyata, ta yi mata magana a kaina kai tsaye, a gaban surukarta da baƙi.

"Yaya, 'yarki ce fa."

Wasu matan suka sunkuyar da kai kamar an yi batsa. Mahaifiyata ba ta juyo ba. Na ga bayanta kawai, da faifan a cinyarta, hannunta ya tsaya cak a cikin shinkafa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka a haka ba, a wurina ya yi tsawo ƙwarai. A raina na riga na ce ba za ta tashi ba, don ba ta taɓa tashi ba.

Ta ajiye faifan. Ta shiga ɗaki. Na ɗauka guduwa ta yi daga maganar, sai ga ta ta fito da mayafi a kafaɗa da almakashinta na ɗinki a hannu. Ta zo gaban Hajiya ta durƙusa har ƙasa, kanta a sunkuye.

"Hajiya, ki yafe mini. In ya dawo ni zan yi masa bayani."

"In kika kwance, duk abin da ya biyo baya naki ne."

"Na ji."

Anti Nas ta tallabe hannun daga ƙasa, mahaifiyata ta sa almakashi. Tsumman ya sha man shanu, ya yi tauri, sai da ta yi ta cizawa da bakin almakashin zare bayan zare. Ƙarar ƙarfen kaɗai ake ji. Da karan ya buɗe, wata mata ta yi salati. Sawun kowane kara ya kwanta a fatata, tsakaninsu ƙuraje manya cike da ruwa, hannun daga gwiwa zuwa ƙasa ya kumbura yana sheƙi. Anti Nas ta danna shi da yatsa, ya ƙi lotsawa, ya yi tauri kamar icce. Ta ce kwancewar kaɗai ba za ta isa ba, sai an tafi yanzu.

Ta yago kwalin taliya daga ɗakinta, ta lanƙwasa shi kamar indararo, ta kwantar da hannun a ciki yadda yake, ba ta miƙar ba, ba ta tanƙwara ba, ta ɗaure sakwa-sakwa da ɗankwalinta. Ta ce kada a ɗaga shi sama, kada a bar shi yana reto, a riƙe shi daidai ƙirjina. Wata ta miƙo mini ruwa a moɗa, ta tare, ta ce ko ɗigo kada in sha, don wataƙila a yi mini aiki. Mota ba ta shiga lungunmu in an yi ruwa. Mahaifiyata ta sunkuya ta sungume ni, ni 'yar shekara tara da dogayen ƙafafu, ta rungume ni a ƙirjinta, Anti Nas na gefe riƙe da kwalin. Haka muka ratsa lungun, muka wuce majalisar dattawa a ƙofar masallaci, kowa na kallon matar da ba ta taɓa fita ba izini ba ɗauke da 'yarta ta fari. Duk da azabar da nake ciki na lura da abu ɗaya, ban taɓa sanin ƙamshin jikinta ba sai ranar. Hayaƙi ne da sabulun wanki, kuma zuciyarta na bugawa da ƙarfi a kunnena.

A sashen gaggawa Anti Nas ta shige gaba tana zuba Turanci da sauri, nan da nan aka kewaye ni. Wani likita matashi ya sake duk abin da ta yi a gida, ya taɓa, ya danna, ya miƙar da yatsun na sake ƙara. Ya tsaya a kan faratan, ya girgiza kai, ya ce lallen nan ya ɓoye musu abu da yawa. Aka datse zoben da wani ɗan ƙarfe, aka sa mini ruwa a ɗaya hannun, aka tura ni ɗaukar hoto. Da hoton ya fito ya ɗaga shi a fitila ya nuna wa mahaifiyata. Ƙashin ya karye a saman gwiwa, ya goce, bakinsa yana danne hanyar jini, ɗorin kuma ya zo ya ƙara matsewa. Ya ce za su mayar da ƙashin su riƙe shi da siraran ƙarafa, kuma dole su tsaga hannun daga gwiwa zuwa ƙasa don naman da ya kumbura ya samu wuri. Ya tambayi ina mahaifina, aka ce yana hanya. Ya miƙo wa mahaifiyata takardar amincewa da aikin.

"Likita, za a yanke?"

"Za mu yi iya ƙoƙarinmu kada a kai ga haka. Amma ban yi miki alkawari ba, sai mun buɗe mun gani."

Ba ta iya rubutun boko ba, sai aka kawo tawada. Na ga ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta dangwala yatsa. Ana kiran magariba aka tura ni ɗakin tiyata, abin da na gani na ƙarshe ita ce tsaye a bakin ƙofa, ƙafafunta duk taɓo, ashe ko takalmi ba ta sa ba.

Da na farka gari ya waye. Na ji nauyi a damana, amma na ƙi juyawa, don na taɓa jin an ce wanda aka yanke wa hannu yakan ci gaba da jin sa kamar yana nan. Na yi ta kallon silin ina hawaye. Sai na ji muryar mahaifiyata daga ƙasa, inda ta kwana a kan mayafinta, ta ce, "Duba mana." Na juya. Farin bandeji ne tun daga kafaɗa, ƙato kamar filo, a can ƙarshensa ga baƙaƙen yatsu sun leƙo. Na ƙirga su, na sake ƙirgawa. Da likitan ya zo zagaye ya ce sun tarar da naman ya fara canja launi amma bai mutu ba, da aka buɗe ya dawo. Ya ce da an bari an kwana, da labarin ba haka yake ba.

Na yi makonni a kwance. Ciwon a buɗe aka bar shi kwanaki kafin a ɗinke, wankinsa kuwa ba na son tunawa. Bayan an cire ƙarafan na yi watanni ina zuwa gashi, ana koya wa yatsuna riƙe cokali kamar jaririya. Hajiya ta zo a rana ta uku da kunu a kwano. Ba ta dubi inda mahaifiyata take ba. Ta zauna a bakin gado ta riƙe ƙafata, ta yi kuka mai yawa, ta tashi ta tafi. Da babana ya dawo ya ji daga bakin kowace, ya zo ya daɗe yana kallon hannun, bai ba kowa gaskiya a fili ba, don ɗaya uwarsa ce. Kusan shekara gaisuwa kaɗai ke haɗa Hajiya da mahaifiyata. Har Hajiya ta koma ga Allah tana cewa da an bar ɗorin da ya kama, ba sai an tsaga mini hannu ba. Na daina yi mata musu. Ina ƙaunarta, kuma na san tsoron da ya sa ta faɗin haka na gaskiya ne.

Hannun yana nan, da shi nake rubuta maka wannan. Akwai tabo dogo daga gwiwa har wuyan hannu, manuniyata ba ta tanƙwaruwa duka, kuma kanta ba ya bambance zafi da sanyi sosai. Lungunmu yanzu an zuba masa kwalta, adaidaita na shiga har ƙofar gida, kowa da waya a hannu, uba ko yana Kudu ana jin ta bakinsa nan take. An ce ɗan maɗorin nan da ya gaje shi ba ya taɓa karaya sai an kawo masa hoto, in ya ga kumburi ya yi yawa kuma asibiti yake turawa. Duk da haka nakan ga yara a adaidaita da kara ɗaure a hannu. Ba na iya wucewa. Sai na tsaya na taɓa yatsun, na tambayi uwar tun yaushe, na ce yaron ya motsa su. An sha ce mini mai shisshigi, ban damu ba.

Mahaifiyata ta tsufa, tana Unguwa Uku a gidan ƙanena. Ba mu taɓa yin maganar ranar nan ba sai bara, da damina, muna zaune mu biyu a ɗakinta. Na tambaye ta, da likitocin sun buɗe sun ga ya mutu fa, da sun yanke? Ta juya wajen taga.

"Da an yanke, ba mai cewa ɗori ne. Cewa za a yi uwarta ce ta kwance, ta kai ta da ƙafarta aka yanke. Ke ma abin da za ki tashi kina ji ke nan. Na san haka tun ina tsintar shinkafar nan."

Na ce to me ya tashe ta?

"Na ga in na zauna ba mai zagina, amma hannun ya tafi. In na tashi, ko ya tsira, ko in sha zagi har in mutu. Sai na ga zagin zan iya ɗauka."

Ba ta dube ni ba da take faɗa, taga take kallo. Sai ta ce hadari ya haɗo, in tashi in kwashe mata shanya. Na fita tsakar gida, iska na kaɗa zannuwanta a igiya. Na kwashe su da hannuwana biyu, ina kuka.